Agogo Biyu a Aljihun Baba

Ranar da manyan jami'a za su saurari laccar Auta su yanke ko za su ɗauke ta aikin koyarwa, mahaifinta ya fito daga ɗaki da agogo biyu a aljihun riga da magana ɗaya a bakinsa. Matarsa tana ganin yadda aljihun ya rinjayi rigar gefe guda, ta san abin da ke ciki.

"Malam, don Allah ka bar su a gida."

"Ai cewa aka yi kowa na iya zuwa, kuma kowa na iya tambaya."

"An ce kowa, ba a ce ubanta ba." Ta tare bakin ƙofa da jikinta. "Jiya ta kira ni. Ta ce in ka miƙe ka ƙaryata ta a gaban mutanen da za su ba ta aiki, ba za ta mayar maka da magana ba, amma ita da shagonka har abada. Ka dai san 'yar wa ce."

Ya san 'yar wa ce. Taurin kan nan ba a kasuwa ta sayo shi ba. Ya gyara hularsa, ya ce in za ta je ta ɗauko mayafinta, in ba za ta je ba ta ba shi hanya. Ta ɗauko mayafin, don ta ga gara tana kusa da shi.

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layinsu. Mai Agogo kowa ke ce masa, har jikokinsa. Shagonsa wani ɗan tsukuku ne tsakanin tela da mai sayar da kayan lantarki, wanda in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje ya leƙo da kai. Tebur ɗaya ne a ciki, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da hantsaki, da 'yan sukudirebobi sirara kamar tsinke, da gilashin nan na ido ɗaya wanda ya bar masa zobe a fatar idon dama. A bangon da ke fuskantar kujerarsa kuwa akwai wani dogon agogon katako mai lilo, wanda ya gada a wurin maigidan da ya koya masa aiki. Tsohuwa yake ce mata. Kowace safiya kafin ya gaisa da kowa sai ya buɗe gilashinta ya murɗa mata makulli, kuma duk agogon da ya fita daga shagon nan da lokacinta yake fita.

Akwai wata ɗabi'a tasa da 'yan layi ke tsokanarsa da ita. Duk agogon da ya shiga tafin hannunsa, ko da ba gyara aka kawo ba, idonsa zai hau bango, yatsunsa biyu su zaro ɗan kunnen nan na gefe, su murza, su mayar, shi kuwa bakinsa na can yana ba ka labarin wani abu daban. Tela ya sha rantsewa cewa ko gaisawa ka yi da shi da agogo a hannunka, da lokacin Tsohuwa za ka tafi. In an faɗa masa sai ya yi dariya ya ce sharri ne, shi bai taɓa saita agogon da ba a sa shi ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba a zuciyarsa, don bai san yana yi ba.

A wurinsa lokaci ɗaya ne, kamar yadda rana take ɗaya. Agogo ne ke yin ƙarya, saboda datti, ko tsatsa, ko sakacin mai shi, kuma aikin mutum irinsa shi ne ya hana shi ƙaryar. A kan wannan ya ci ya sha, ya aurar da 'ya'ya, ya tura Auta makaranta. Ko da wayoyin hannu suka zo suka kwashe masa mutane, ko da hannunsa ya soma 'yar rawa har yana sakin ƙananan ƙusoshi su ɓace a ƙasan tebur, bai ji ya zama mutumin banza ba. Duniya na iya daina kawo masa agogo, amma lokacin da yake tsaro yana nan.

Auta a kan bencin shagon nan ta tashi. Ita ce ke rarrafawa ƙarƙashin tebur ta nemo masa abin da ya faɗi, ita ce kaɗai a 'ya'yansa ya bari ta sa gilashinsa a idonta. Agogon hannunta na farko shi ya haɗa mata da kansa daga gawarwakin agoguna uku, kuma har ta girma shi take ɗaurawa. Da ta tafi karatun kimiyyar fiziks ya yi ta faɗa wa tela cewa sana'arsu ɗaya da 'yarsa, nata ne dai mai takarda.

Wani hutu ne ta dawo da maganar. Tana zaune a bencin, ƙafa a kan ƙafa, ta ce, "Baba, ka san lokaci ba ɗaya ba ne?"

Ya ɗaga gilashi daga idonsa ya dube ta.

Ta ce masana sun gano cewa in aka sami agogo biyu lafiyayyu, ɗaya ya zauna wuri ɗaya, ɗaya ya yi tafiya da matsanancin gudu ya dawo, za a tarar matafiyin ya yi baya, kuma babu wanda ya lalace a cikinsu. Ta ce ko abin da muke kira "yanzu" ba na kowa da kowa ba ne, abubuwa biyu da ka ga sun faru tare, wani mai gudu zai iya ganin ɗaya ya riga ɗaya. Har nisan wuri ma, in ji ta, ya danganta da wanda ke aunawa.

"Wanda ya yi bayan nan a kawo min shi in wanke," in ji shi.

"Ba datti ba ne, Baba."

"To baya da wa ya yi? In babu uwar agogo a bango da kowa ke dubawa, wa ya ce wannan ne ya yi baya, ba wancan ne ya yi gaba ba? Mutanen nan naku sun ɗauki agogo sun ce shi ne lokaci. Agogo ai bawa ne, 'yar nan. In bawa ya makara ba a cewa gari ne bai waye ba."

Auta ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wallahi tambayarsa ta fi ta rabin 'yan ajinsu. A lokacin abin daɗi yake musu. Duk hutu sai sun ja musun nan, matarsa na kawo musu shayi tana cewa su dai ba su da aikin yi.

Amma Mai Agogo ba mutumin da ke barin magana a baki ba ne. Ya samo agogon hannu biyu iri ɗaya, fitowar kamfani ɗaya, ya warware su ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya sa mai, ya haɗa. Ɗaya ya sa a aljihun tebur. Ɗayan ya ba ƙanin matarsa, direban babbar mota, wanda ba ya kwana uku a gari ɗaya. Ya ce ya riƙa murɗa shi kowace safiya, amma kada ya kuskura ya saita shi ko da zai ga ya koma jiya. Auta ta ce masa gudun mota bai kai ya kawo ba, bambancin ya yi ƙanƙantar da babu agogon ƙarfen da zai nuna shi. Ya ce ƙanƙanin abu in ya daɗe ai taruwa yake, shi ba gaggawa yake ba.

Haka aka kwashe shekaru. Duk sa'ad da direba ya dawo, zai shigo shago yana ƙamshin man mota, ya kwance agogon ya sa a tafin surukinsa, ya dasa labarin hanya: gadar da ta karye, taya da ta fashe a kan tudu, matar da ta haihu a bayan mota. Mai Agogo zai yi ta sauraro yana gyaɗa kai, agogon na hannunsa. In labari ya ƙare sai ya jawo aljihun tebur, ya fito da ɗan'uwan, ya jera su a ƙarƙashin fitila. Daidai wa daida, ko sau ɗaya ba su saɓa ba. Direba ya ce, "Yaya, ka kayar da masanan duniya," shi kuma ya sha mur kamar abin bai yi masa daɗi ba.

Ranar da abin ya ɓaci, Auta ta riga ta gama babban digirinta. Ya jera mata agogunan da alfahari, ta daɗe tana kallonsu, fuskarta babu dariyar da.

"Baba, a bar maganar kimiyya. Kai ka koya min cewa babu agogon ƙarfe biyu da ke tafiya tare wata guda ba su saɓa ba. Ɗaya yana cikin zafi da girgizar mota, ɗaya yana kwance a inuwa. Ba yadda za a yi su yi daidai haka sai in da hannu a ciki."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Hannun wa?"

"Ban ce da gangan ba…"

"Ni kike ce wa maha'inci? A shagon da kika yi rarrafe?" Ya ɓoye hannunsa a ƙarƙashin tebur. "Don kin ga hannuna ya tsufa shi ne aikina ma ya zama ƙarya? Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Tun daga ranar takan zo gida ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, amma ba ta ƙara taka shagon ba. Abin ya ci shi fiye da yadda zai iya faɗa. Bencin nan ya zama wurin ajiye kwali. Sai ya ɗora wa kansa cewa in ya nuna gaskiyarsa a gaban manyanta, a gaban jama'a, dole ta gane bai yi ha'inci ba, ta dawo. Matarsa ta ce masa wannan hanyar ba ta dawo da 'ya, korar ta take yi. Ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Ɗakin taron babba ne, kujeru hawa-hawa, cike da ɗalibai da malamai. A gaba an ajiye dogon tebur inda 'yan kwamiti ke zaune da robobin ruwa a gabansu, a tsakiyarsu wata dattijuwa mai farin tabarau wadda ita ce shugaba. Can sama da allo, daidai inda ke fuskantar kujerarsa, an rataye wani farin agogon bango. Kallo ɗaya Mai Agogo ya yi masa ya yi tsaki, don ya yi baya da 'yan mintuna.

"Dubi agogon masu koyar da lokaci," ya raɗa wa matarsa.

Ta kama gefen rigarsa ta riƙe gam.

Auta ta fito da alli a hannu. Ta gaida kwamiti, ta ɗaga kai ta dubi jama'a, idonta ya sauka a kansa, daga nan ya sauka a kan aljihunsa. Kalmominta na farko sun fito a sarƙe, har ta maimaita jimla ɗaya sau biyu, wani ɗan kwamiti ya rubuta wani abu a takardarsa. Mai Agogo bai taɓa ganin 'yarsa tana tsoro ba, kuma ya san shi take tsoro.

A hankali ta murmure. Ta zana jirgin ƙasa a allo, da mutum a ciki da mutum a bakin hanya, da walƙiya biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ta ce mun taso muna ɗauka cewa akwai wani babban agogo a saman duniya wanda kowa ke ƙarƙashinsa, kuma ba laifinmu ba ne, don a gudun da muke rayuwa haka abin yake bayyana. Ta ce amma da aka gwada sai aka tarar abin da ba ya canzawa ga kowa shi ne gudun haske, lokaci da nisa su ne ke lanƙwasawa su ba shi hanya. Ta ce an ɗora agoguna masu tsananin daidaito a jiragen sama, an zagaya da su, an dawo an tarar sun saɓa da na ƙasa daidai yadda lissafi ya faɗa. Ɗakin ya yi shiru ana saurarenta. Mai Agogo ya ji alfahari ya cika masa ƙirji, ya kuma ji haushi a kan alfaharin. Ya sa hannu a aljihu ya fito da matafiyin agogon, wanda direba ya dawo da shi jiya, ya riƙe shi a tafinsa don ya ji ƙarfin zuciya. Idonsa na kan 'yarsa, yana hawa bango, yana dawowa kanta.

Ta gama aka tafa. 'Yan kwamiti suka yi tambayoyinsu, ta amsa, wata da sauƙi wata da gumi. Sannan shugabar ta dubi jama'a ta ce ko akwai mai tambaya.

Matarsa ta ja rigarsa har ɗinkin ya yi ƙara. "Malam, don darajar iyayenka."

Ya ɗaga hannu.

"Baba na can sama, bismilla," in ji shugabar. "A miƙa masa abin magana."

Ya miƙe tsaye. A gaban allo Auta ta ajiye allinta a hankali, ta haɗa hannayenta a gaba, ta sunkuyar da kai kamar mai jiran hukunci. Abin maganar ya taso daga layin farko, hannu zuwa hannu, yana hawowa. Mai Agogo ya zaro ɗayan, mai zama a aljihun tebur, daga rigarsa da hannun hagu, ya jera shi kusa da ɗan'uwansa don ya ɗaga su sama kowa ya gani.

Ba su yi daidai ba. Matafiyin ya yi baya.

Ya ƙifta ido ya sake dubawa. Da safen nan ya duba su a gida, kansu ɗaya. Yanzu ga shi wanda ya sha hanya ya yi baya, kamar yadda yarinyar nan ta faɗa shekara da shekaru, kuma a yau, a tsakiyar mutane. Sai ya ji wani abu yana tokare masa yatsa. Ɗan kunnen agogon ne, a zare, yatsunsa biyu na riƙe da shi ba su kai ga mayarwa ba. Ya ɗaga kai ya dubi farin agogon bango, ya sauke ya dubi na hannunsa. Lokacinsu ɗaya, ƙaryarsu ɗaya.

Nan take ya ga shagonsa kamar an kunna fitila. Ya ga direba yana zuba labari, ya ga agogo a tafinsa, ya ga idonsa yana hawa wurin Tsohuwa. Ya ga kansa kowace safiya yana murɗa na aljihun tebur, idon dai yana bango. Duk shekarun nan ba agogo biyu yake gwadawa ba, Tsohuwa yake gwadawa da kanta. Tela bai yi masa sharri ba, kuma 'yarsa ba ta zage shi ba.

Abin maganar ya iso hannunsa. Ɗaruruwan idanu na kansa. Ya mayar da agogunan aljihu, ya yi gyaran murya, muryar ta fita da ƙarfi ta cikin lasifika har ta ba shi tsoro.

"Ni mai gyaran agogo ne," in ji shi. Wasu ɗalibai suka yi 'yar dariya, shugabar ta ɗaga musu hannu. "Tambayata ga Malama ita ce, waɗannan da suka ɗora agogo a jirgi suka auna, yaya aka yi aka tabbatar hannun wani bai taɓa shi ba? Don mutum yakan gyara abu zuwa yadda yake so ya gan shi, bai ma san ya yi ba."

Auta ta ɗago kai. Ta dube shi ido cikin ido.

"Tambaya ce mai kyau, Baba," ta ce. Ta ce shi ya sa ba a yarda da gwaji ɗaya, ba a yarda da agogo ɗaya, ba a yarda da mutum ɗaya komai gaskiyarsa. Akan faɗi abin da ake tsammani tun kafin a tashi, akan yi amfani da agoguna da yawa, sannan wasu mutane daban a wata ƙasa daban, waɗanda za su ji daɗi in sun kama kuskure, su sake yin gwajin da nasu kayan. Ta ce ba don ana zargin kowa da ha'inci ba ne, don an san hannun mutum yana da nasa son zuciyar. Tana magana tana ƙara samun ƙarfi, har ta juya ga allo ta zana musu yadda ake yi. Ɗan kwamitin nan da ya yi rubutu da farko ya ajiye biro yana gyaɗa kai.

"Na gode, Malama," in ji Mai Agogo, ya zauna. Sai a lokacin matarsa ta saki rigarsa, ta rufe fuska da mayafi.

A waje suka jira ta, a gindin wata bishiya kusa da inda ake ajiye motoci. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ta faɗa wa uwarta cewa shugabar ta ce ta zo ranar Litinin a nuna mata ajinta, uwar ta rungume ta tana hawaye. Shi yana gefe, ya rasa inda zai sa idonsa. Da ta juyo gare shi ta rusuna, ya fito da agogunan ya sa mata a hannu, matafiyin har yanzu kunnensa a zare.

"Hannuna ne," ya ce. "Da na bangonsu na saita shi. Agogon da na yi wa tsaki."

Ta dubi agogon, ta dubi yatsun da ke rawa a gefen rigarsa. Dariya da kuka suka taho mata tare, ta danne su da ƙyar.

"Amma tambayata ta farko tana nan," ya ƙara, yana shan mur. "Ban ce na yarda da ku duka ba."

"Na sani, Baba. Ai ban gama amsa ta ba."

Ta ɗaga hannu za ta share ido, hannun rigarta ya zame, sai ga tsohon agogon nan da ya haɗa mata. Yatsunsa suka tafi wurin kunnen agogon da kansu. Ya kama su a hanya, ya tura hannun cikin aljihu ya dunƙule.

Auta ta miƙo masa hannun nata. "Duba min shi, Baba. Tun ranar da na daina zuwa shago yake yin baya, ban bari kowa ya taɓa shi ba."

Ya riƙe hannunta ya dubi fuskar agogon. Sannan ya waiga hagu da dama, ya ce duk wurin nan babu agogon da zai yarda da shi, sai dai su je wurin Tsohuwa, kuma sai ta taya shi kwashe kwalayen da ke kan benci.